Ɗan Fari a Bakin Ƙofa

A ranar bikin godiyar kaka, shekara biyu ke nan, na fita daga majami'ar ƙauyenmu ana tsakiyar waƙa. Lafiyata ƙalau, kuma ba wanda ya ce mini in fita. Ƙanen mahaifina ne ya miƙe a gaban taro yana dogara sanda, ɓarin jikinsa na hagu a shanye, ya ce ya gaji da yawon duniya, ya dawo wurin Ubangiji. Bai rufe baki ba 'yan Zumuntar Mata suka ɗauki tulunan kiɗa, wata daga cikinsu ta rangaɗa guɗa. Na ɗaga kai in ga mai wannan ƙarfin hali, sai na ga mahaifiyata ce. Nan take na ratsa tsakanin dammunan dawa da buhunan masarar da aka kawo baiko, na fita, na tsaya a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa har aka tashi.

Tun ina makarantar Lahadi ake koya mini cewa Allah yana ƙaunata, ban kuma taɓa yin gardama a kai ba, don magana ce mai daɗin ji. A gindin bishiyar nan ne na lura koyarwar tana da wani ɓari da ban taɓa juyawa ba. Allahn da yake ƙaunata yana ƙaunar mutumin da ya cuce mu, kuma rabonsa na ƙaunar bai gaza nawa ba. Tambayar da wannan maƙala take bi ke nan: idan ƙaunar Allah ta kai har kan azzalumi, ina matsayin adalcinsa? Wanda aka zalunta kuma, me ya rage masa?

Gonar fadama

Mu Hausawa ne Kirista daga wani ƙauye a yankin Malumfashi, kudancin Jihar Katsina, inda arzikin mutum shi ne gonarsa. Ina da shekara 14 mahaifina ya rasu, ya bar mu mu biyar, ni ne ɗan fari. Ya bar gona guda a bakin rafi, mai ba da masara da damina, tumatir da albasa da rani. Bisa al'ada aka danƙa riƙonta a hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa, kafin mu girma. Damina biyu kacal ta yi a hannunsa. A ta uku muka wayi gari wani ɗan kasuwa daga birni ya turo masu shanun huɗa. Baffa ya ce ya sayar ne domin ya biya bashin da marigayi ya bari. Har yau ba mu ga mai bin bashin ba.

Inna ta kama suyar ƙosai da safe, ƙuli-ƙuli da yamma. Ni kuma na ajiye makaranta shekara biyu ina ƙwadago. Wata rana aka ɗebe mu noma, na bi ayari ban san inda za mu ba, sai ga mu a gonar ubana. Na nome kunyoyin da a kansu na koyi riƙon fartanya, da yamma aka ƙirga mini ladana kamar kowane baƙo. Daga ranar na daina kiransa Baffa. In ya zama dole in ambace shi, sai in ce "mutumin can".

Shi dai ya bar zuwa sujada, ya tare a gidan burkutu, kuɗin gona suka bi ruwa. Ni kuwa da taimakon ikilisiya da kaskon Inna na koma makaranta, har na sami shiga jami'a a Zariya. Ina shekarar ƙarshe aka aiko mini cewa ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa ya shanye. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce a raina Allah ba ya barci, hukunci ya fara sauka. Shi ya sa abin da ya faru a majami'a ya zame mini kamar an tsayar da shari'a ana dab da yanke ta, an maye gurbinta da kiɗa. A cikin jawabinsa ya ce ya saɓa wa Allah da mutane da yawa. Bai ambaci gona ba.

Ƙorafin babban wa

A sura ta 15 ta Bisharar Luka, Yesu ya ba da misalin wani mutum mai 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya nemi rabonsa na gado uban yana da rai, ya tafi wata ƙasa mai nisa ya ɓarnatar, yunwa ta kora shi gida. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa ya rungume shi, ya sa aka yanka masa kiwataccen maraƙi. Babban wan ya dawo daga gona ya ji kiɗa, da ya ji dalili sai ya ƙi shiga. Duk wa'azin da na taɓa ji a kan wannan misali yana gayyatar mai sauraro ya ɗauki kansa a matsayin ƙaramin. Ranar godiyar kaka na gane ni babban ne, har da tsayuwar a waje.

Masu wa'azi sukan yi saurin kiran babban wan mai hassada, amma wanda ya yi lissafi zai ga ƙorafinsa yana da tushe. Dokar gado da ke sura ta 21 ta Maimaitawar Shari'a ta ba ɗan fari riɓi biyu. Inda 'ya'ya maza biyu ne, ƙarami ya ɗauki sulusi, sauran kashi biyu cikin uku na babba ne. Tun da misalin ya ce uban ya riga ya raba musu dukiyar, to rigar da aka sa wa ƙaramin, da zoben, da maraƙin da aka yanka, duk daga abin da zai zama na babban suka fito. Da guminsa aka yi wa wanda ya ɓarnatar biki, ba a ma aika gona an kira shi ba.

Bahaushe ɗan fari ya fi kowa sanin wannan ciwo. Mu ne 'ya'yan da uwa ba ta kiran sunanmu saboda kunya, ba ta wasa da mu a gaban mutane, ba ta yabonmu ko mun yi abin yabo. Auta ake goyo har ƙafafunsa su kusa taɓa ƙasa. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta yi guɗa domina ba, ko ranar da na kawo takardar shiga jami'a. "To, madalla" kawai ta ce ta ci gaba da tankaɗe. Ga shi ta yi wa wanda ya mai da ita mai suyar ƙosai.

Ba ni ne na fara wannan fushi da Allah ba. An aiki Annabi Yunana zuwa Nineba, babban birnin Assuriyawa, wanda kufansa yake a tsallaken kogi daga birnin Mosul na Iraƙi a yau. Assuriyawa sun yi suna wajen rashin imani a yaƙi, su ne kuma daga baya suka rushe mulkin Isra'ila na arewa. Yunana ya gudu, a ƙarshen littafin kuma ya faɗi dalilinsa da bakinsa: ya san halin Allah, ya san in mutanen suka tuba za a ji tausayinsu. Tsoron nasarar wa'azinsa ne ya sa shi shiga jirgin Tarshish. Da suka tuba ɗin, sai ya fita gabashin birni ya kafa bukka ya zauna, ko dai wuta za ta sauko.

Marubucin Rasha Dostoyevski ya kai ƙorafin ƙurewa a littafinsa na ƙarshe, wanda ya kammala a 1880. Wani daga cikin taurarinsa, Ivan, bai musanta samuwar Allah ba. Abin da ya ƙi shi ne sulhun ƙarshe da za a gina a kan hawayen yaron da aka azabtar, ya kuma yi gardama cewa uwa ma ba ta da ikon yafe wa wanda ya cuci ɗanta a madadin ɗan. Da na karanta wannan a jami'a na ɗauke shi darasin adabi. A gindin darbejiya ya zama tambayata: wa ya ba ikilisiya, wa ya ba Inna, wa ma ya ba Allah ikon yafe shekaruna biyu?

Tun ƙarni na 11 Anselm, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a 1093, ya tsaya a kan wannan ƙulli. Ya tambaya yadda mai cikakken adalci zai ƙyale mugu ba tare da ya tauye adalcinsa ba. Ƙullin a sauƙaƙe shi ne: alƙalin da ya saki ɓarawo don tausayi ya zalunci mai kaya. In haka ne, ƙaunar Allah ga azzalumi wani sabon zalunci ne a kan wanda aka zalunta.

Abin da kalmar take ɗauke da shi

Mafita ta farko da na samu daga harshenmu ta zo. Hausa tana da "so", tana da "ƙauna". So yana bin abin da ya burge mutum. Ana son nama, ana son kuɗi, har aka ce so duka so ne amma son kai ya fi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, da "ƙauna" yake bayyana yadda Allah ya ɗauki ɗan Adam. Wannan kalma kuwa tana da wani amfani na biyu da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya a kansa ba. In likita ya gaza, sai a ce an yanke ƙauna. In damina ta ɗauke hatsi bai nuna ba, manomi ya yanke ƙauna da gonar. A nan ƙauna tana nufin sa rai. Harshen ya ajiye so da fata a cikin kalma guda, kamar yana cewa ƙaunar mutum ita ce ƙin fid da rai daga gare shi.

Da na ga haka sai na gane kuskuren da ke cikin tambayata. Na ɗauka in an ce Allah yana ƙaunar Baffa, ana nufin Baffa ya burge shi, ko abin da Baffa ya yi bai dame shi ba. Abin da ake nufi shi ne Allah bai yanke ƙauna da shi ba. Ni na yanke. Na rufe littafinsa tun ina ɗan shekara 16, na taƙaita mutum mai shekara sama da 50 a cikin aiki guda da ya aikata, na kuma yanke cewa ba zai taɓa zama wani abu dabam ba. Uban da ke cikin misalin bai taɓa cewa ƙaramin ɗan ya kyauta ba. Hangen da ya yi masa daga nesa ne ya nuna idonsa bai bar hanya ba tun ranar tafiyar.

Nassi bai nuna Allah a matsayin wanda ƙwacen gona bai dame shi ba. A sura ta 21 ta Littafin Sarakuna na Fari, Sarki Ahab ya yi kwaɗayin gonar inabin wani talaka mai suna Nabot, wanda ya ƙi sayarwa saboda gadon kakanninsa ce. Aka ƙulla masa sharri, aka jajjefe shi, sarki ya je karɓar gona. A cikin gonar Annabi Iliya ya tare shi da hukunci mai tsanani a kansa da gidansa. Amma surar ba ta ƙare a nan ba. Ahab ya yage tufafinsa, ya yi azumi, ya ƙasƙantar da kansa, Allah kuwa ya ja hankalin Iliya ga wannan, ya jinkirta masifar da ya ambata a kan gidan. Wanda ya ga jinin Nabot shi ne ya ga sunkuyar da kan Ahab, a sura guda. Ni rabin farko na surar kaɗai nake so. Da a ce rabin biyu kaɗai ke nan, da Ivan ya yi gaskiya. Halin Allah da nassi ya nuna shi ne riƙe biyun tare, ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba.

Haƙƙin maraya

Da daddare ranar bikin na sami Inna tana gyaran wake. Na ce, "Inna, har da ke a masu guɗa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai, zauna." Na zauna. Ta ce, "Guɗar da ka ji ta mutum ce, ƙanen ubanku ne da muka ɗauka a gidan giya za a ɗauko gawarsa. Ba ta gona ba ce. Maganar gona tana nan. Ban manta ba, Allah ma bai manta ba."

A makon da ya biyo ta yafa mayafi ta tafi wurin fasto da dattawan ikilisiya, ta ce tana so a raka ta wurin Baffa a tambaye shi haƙƙin marayu. Sau uku suka je. A zuwan farko ya dage cewa akwai bashi. A na biyu ya yi shiru har suka tashi. A na uku ya fashe da kuka ya ce babu bashin kowa, shi ya ci. Duk tsawon waɗannan makonni Inna ba ta fasa aika masa da kunu kowace safiya ba, domin matarsa ta daɗe da barinsa.

Inna ba ta yi karatun tauhidi ba, amma abin da ta yi shi ne tsohuwar koyarwar ikilisiya. Dokar da ke sura ta 6 ta Littafin Firistoci ta ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya sai ya mayar da shi, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, tare da kawo hadayarsa. A sura ta 19 ta Luka, Yesu ya sauka a gidan Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, tun mutumin bai gyara komai ba, jama'a kuma suka yi gunaguni irin nawa. Amma kafin a tashi daga wurin Zakka ya yi alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Ƙaunar ce ta fara shiga gidan, mayar da haƙƙi ya biyo bayanta. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta wa wani babban jami'in mulkin Rum mai suna Makedoniyus cewa tuban wanda yake da halin mayar da abin da ya ƙwace amma ya ƙi, tuban baki ne. A 1937 kuma fasto Bajamushe Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya gargaɗi ikilisiya game da abin da ya kira alheri mai araha, wato shelar gafara ba tare da neman tuba ba.

Dole in yarda cewa wannan haɗari yana nan a majami'unmu. Sau da yawa mai ƙarfi yakan miƙe ya faɗi kalmomi masu laushi, a tafa masa, sannan a juya kan gwauruwa da maraya a ce su yafe, in sun yi jinkiri a ce ba su da ruhaniya. A nan an mai da ƙaunar Allah sanda ta biyu a hannun azzalumi. Da ikilisiyarmu ta tsaya a kan guɗa, da fitata daidai ce. Abin da ya kuɓutar da guɗar Inna daga zama ƙarya shi ne mayafin da ta yafa bayan mako guda.

Fadamar ba ta dawo ba, domin ta riga ta sauya hannu sau biyu. Baffa ya miƙa mana tasa gonar ta tudu a gaban mai unguwa, aka rubuta takarda. Ba ta kai rabin darajar tamu ba. 'Ya'yansa kuma, waɗanda ba su ci ko kwabo daga kuɗin fadama ba, suka wayi gari gadonsu ya tafi, suka ɗauke mana gaisuwa na wani lokaci. Sai ga shi adalcin da na daɗe ina nema shi ma ya bar wasu marasa laifi a bakin ƙofa.

Wa ya biya kuɗin maraƙin?

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jinkirin ganewa. Ɓarna in ta auku, ba ta ɓacewa don an yafe, sai dai ta sauka a kan wani. Wanda ya yafe bashi bai sa kuɗin sun dawo ba, ya yarda ne ramin ya zauna a aljihunsa. Tsakanin darajar fadama da ta gonar tudu akwai rata, akwai kuma shekarun Inna a gaban kasko da hayaƙin da ya rage mata gani. Ba wanda zai biya wannan. Ita ta ɗauka, da saninta, ta kuma ci gaba da dama kunu.

A nan ne bangaskiyar Kirista take ba da amsarta ga ƙullin Anselm, amsar kuwa gicciye ce. Ba mu ce Allah ya kau da kai daga mugunta kamar alƙalin da aka toshe wa baki ba. Mun ce ya kira ta da sunanta, ya auna nauyinta, sannan cikin Almasihu ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashinta. Alƙalin da ya saki ɓarawo ya bar mai kaya da asara ya yi zalunci. Labarin ya sauya in alƙalin ne ya sauko daga kujera ya ɗauki asarar a jikinsa. Ba na da'awar cewa wannan ya share hawayen yaron da Ivan yake magana a kai, kuma duk wanda ya yi saurin cewa ya share bai saurari tambayar ba. Abin da zan iya cewa shi ne Allahn da ake tuhuma ba daga inuwa yake kallon masu shan rana ba. Shi ma an ci amanarsa da hannun na kusa da shi, an sayar da shi a kan kuɗi.

Na kuma lura da abubuwa biyu a ƙarshen misalin da fushi ya hana ni gani. Na farko, uban bai sake raba gado ba. Ya tabbatar wa babban cewa duk abin da ya rage nasa ne. An mayar wa ƙaramin matsayinsa na ɗa, ba a ba shi sulusi na biyu ba, sakamakon ɓarnarsa yana nan zai rayu da shi, kamar yadda Baffa yake rayuwa da sandarsa ba gona. Na biyu, uban ya bar bikin ya fito waje wurin babban, ya lallashe shi, bai ja shi da ƙarfi ba. Sau biyu tsohon nan ya fita daga gida a rana ɗaya, sau ɗaya domin kowane ɗa. Wannan ya amsa mini tambayar da na ara daga Ivan. Allah bai yafe shekaruna biyu a madadina ba. Abin da ke tsakaninsa da Baffa ya yafe. Nawa rabon yana hannuna, an bar mini shi, ana dai roƙona a kansa. Da Yunana ma haka aka yi: littafin ya ƙare da Allah yana tambayarsa ko bai kamata a ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 ba, ba a kuma faɗa mana amsarsa ba.

Sauran abu guda, wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Ina aji biyu a jami'a na ga abokaina da manyan wayoyi, na gaya wa Inna an ƙara kuɗin rajista. Ta sayar da akuyarta mai ciki ta aiko mini. Daga baya na ji ƙanwata ta ga takardar biyan kuɗin ta gaskiya ta karanta mata. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba, har na kusa mantawa. A cikin makonnin da dattawa suke zirga-zirga gidan Baffa ne abin ya dawo mini. Na ƙirƙiri bashin da babu shi, na karɓe dukiyar gwauruwa. Akuya ba gona ba ce, ban kuma ce laifin ɗaya ne ba, amma iri ɗaya aka shuka, nawa dai bai sami fili ba ne. Shekara da shekaru ina cin moriyar macen da ba ta yanke ƙauna da ni ba, ina kuma jin haushinta don ta ƙi yankewa da wani. Rashin kiran sunana da rashin guɗa da nake ƙirgawa a matsayin rashin so, ashe a ƙarƙashinsu akwai akuya mai ciki da bakin da aka kame.

Kammalawa

Na fara da tambayar ko ƙaunar Allah ga azzalumi tana tauye adalcinsa. Inda na tsaya shi ne za ta tauye shi in ana nufin amincewa da zalunci ko share haƙƙin wanda aka cuta, kuma duk ikilisiyar da ta koyar da haka ta yi wa Allah ƙarya. Ƙaunar da nassi ya nuna ita ce ƙin yanke ƙauna da mutum, tare da tura masa Iliya, tare da zama a gidansa har sai ya buɗe baki a kan riɓi huɗu, tare da ɗaukar abin da ba zai iya biya ba. Adalci yana neman a gyara abin da aka ɓata. Abin da nake nema a gindin darbejiya, kamar Yunana a bukkarsa, shi ne in ga mutum ya ƙone, na kuma ba wannan buri sunan adalci. Gonar tudu ta gwada mini bambancin, domin ranar da aka sa hannu a takarda ban ji sanyin da na zata ba. Haƙƙi ya fara dawowa, ni kuwa ba shi nake jira ba.

Ba zan ce na gama yafewa ba. Har yanzu in na bi ta bakin rafi na ga albasar wani a fadamar ubana, ƙirjina yakan yi nauyi. Yesu bai faɗa mana ko babban wan ya shiga ba, ina kuma jin ya bar ƙofar a buɗe ne domin irina.

Hutun Kirsimetin da ya wuce, wata safiya Inna ta zuba kunu a kwano ta rufe da faifai. Ƙannena duk suna tsakar gida, amma ni ta miƙa wa. Ta ce, "Kai wa Baffanku." Na karɓa, na bi lungun da na yi shekara goma ina kauce masa. A ƙofar ɗakinsa na ce "Gafara dai", yadda ake cewa in za a shiga wurin mutane. Daga ciki wata murya da ta tsufa fiye da yadda na san ta ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."